Furshet mai miƙa hannu da abin da munka gani da ita a mangazanmu

Ranar da Alhaji ya shigo cikin mangaza da metir ɗin awo ga hannu na san da magana, don shi ba mai shiga ciki ba ne, kullum ga bakin ƙofa yake zama bisa kujerarshi da waya biyu yana ta lissafi. Ya ce zo ka riƙe mini nan. Na riƙe, munka auna lungun da furshet, motar ɗaga kaya, ke bi tsakanin rak da rak, wato kantocin ƙarfen da ake jera kaya bisa hawa-hawa, metir 4 cif. Ya dube ni ya ce "kai ɗana, wanga fili duka iska nike biya ma haya kenan?" Ban samu abin ce mishi ba don gaskiya ya faɗa, in ka tsaya ka duba da kyau fiye da rabin ƙasan mangazanmu ba kaya ne bisa ba, hanya ce kawai.

Ni magazinye ne, mai kula da kayan mangaza, nan Yamai wajen zon industiriyel, shekara ta tara kenan, asalina Tawa. Kayan abinci muke ajiyewa, shinkafa, makaroni, tumatirin gwangwani, mai na bido, madara, sukari. Da can da kaya ke biyowa ta Kwatano su shigo ta Gaya abin a hankali yake zuwa, yau kamiyo biyu jibi guda, kafin wani ya iso wancan ya fita kasuwa. Tun 2023 da iyakar Benin ta rufe kaya sunka koma hanyar Lome su ratso Burkina cikin ayari, sai lamarin ya sake, ka yi sati uku kana kallon bango babu ko kwali, rana guda a wayi gari kamiyo goma sun jeru ƙofa kowane direba na so a sauke shi ya kama hanya. To ina za ka zuba su? Abin da ya sa Alhaji ya ɗauko metir kenan. Wani abokinshi ne ya turo mishi bidiyo ta WhatsApp, wata na'ura na tafiya cikin ɗan siririn lungu tana miƙa hannu can cikin rak tana ajiye palet bayan palet, katakon nan da ake jera kaya bisa, ya ce in bincika mishi mine ne wanga kuma nawa ne.

Shekaranjiya wani ɗan uwa da ke riƙe da mangazan sima da kayan gini a Tawa ya kira ni da irin tambayar nan sak, na fara mishi bayani na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna rubutawa.

Ga wanda bai san aikin ba, furshet ita ce motar ɗaga kaya, wasu su ce elebater, tsofaffi su ce kilak saboda kamfanin Clark na Amurka da ya fara ƙera motar jigilar kaya cikin masana'anta tun 1917. Gabanta akwai dogayen ƙarafa tsaye, mu tsani muke ce musu. Jikin tsanin akwai wani faranti na ƙarfe da sarƙa ke hawa da sauka da shi, shi ne tabliye, ga shi ake rataya cokula biyun da ke shiga ƙarƙashin palet. Wadda kowa ya sani mai gazuwal, kayanta na gaba can waje, bayanta an ɗora mata ƙarfe mai nauyi ya danne, kamar jigon lambu da ake ɗaure ma dutse ga gindi. Shi ya sa take da tsawo, in za ta juya ta fuskanci rak da palet ga baki sai ta samu metir 3 da rabi zuwa 4.

Dabarar da masu ƙira sunka yi ita ce a bar motar tsaye wuri guda, tabliye ko cokula su tafi su dawo. Kamfanin Jungheinrich na Hambug a Jamus ya fito da tashi a 1956 ya sa mata suna Retrak, har yau da sunan nan muke kiran irinta ko ta wane kamfani ce. Ita tsanin ne gaba ɗaya ke zamewa gaba bisa ƙafafu biyu da ke miƙe ƙasa, ta ɗauko palet ta jawo shi cikin jikinta kamar mace ta rungumi tulu, tsawonta ya ragu, ta juya cikin lungun metir 2.7 zuwa 3. Na Amurka kuwa irin su Raymond da Crown tsanin na nan inda yake, tsakaninshi da tabliye ne sunka sa ƙarafa masu giciye da ke buɗewa suna rufewa kamar almakashi, kun san ƙofar butikin nan ta ƙarfe da ake ja ta naɗe gefe guda, to haka. Pantogaraf ake ce mishi, in almakashin biyu ne jere hannun na wuce wurin palet na gaba ya kai na bayanshi. Sai kuma wadda ta fi shafarmu, cokula masu zarewa daga cikin junansu kamar eriyar rediyo, man idrolik ke tura su, wani kamfanin Holan mai suna Meijer ya yi suna da su. Su daɗinsu ana iya ɗaura su ga furshet ɗin da kake da ita.

Na zauna da takarda na yi ma Alhaji lissafi. Faɗin mangazanmu metir 27 ne. Palet guda tsawonshi metir 1.2, ka ƙara mishi santi 10 na numfashi, layi guda ya ci 1.3. Da mai gazuwal, lungu 4 da layi biyu hagu da dama sun ci 6.6, sau huɗu cikin 27, layi 8 kenan. Da retrak lungu ya koma 2.8, a haɗa da layi biyu 5.4, sau biyar, layi 10. In kuma anka yi rak mai zurfi biyu, wato palet bayan palet kowane gefe, lungu 3 da layi huɗu sun ci 8.2, sau uku, layi 12 har da ragowar metir 2 da wani abu. Daga 8 zuwa 12, rabin mangaza kenan ya ƙaru ba a aza bulo ko guda ba. Alhaji ya ce a saya. Lissafin nan daidai yake har gobe, amma akwai abin da ban sa ciki ba, shi ne ya kusa sa mu asarar rai.

Da yake retrak kuɗɗinta da yawa sai munka fara da mai sauƙi, cokula masu miƙewa okaziyo daga Lome, mu ɗaura ma tamu mai ton 2.5 mu gwada zurfi biyu ga bango guda tukuna. Nan ma da abin lura kafin mutum ya tura kuɗɗi. Tabliye aji-aji ne bisa ƙa'idar ISO 2328, na mota mai ton 1 zuwa 2.5 aji na biyu ne tsayinshi milimetir 407, na sama da haka zuwa ton 5 aji na uku 508, in ka sayo na wani ajin ƙugiyar ba ta kamawa, kuma don Allah kar ka yarda mai walda ya ce bari ya daidaita maka. Sannan sai motarka na da lebiye da tiyo na ƙari. Tamu lebiye na ukun na matsa tabliye hagu da dama ne, dole makanisiye ya ƙara muna na huɗu. Da anka gama kam mun ji daɗi ba kaɗan ba, musamman wajen sauke kamiyo plato da ya zo da kaya bisa palet. Da sai mun sauke gefe guda mu zagaya ɗayan, in fili ya matse sai direba ya juya tirela duka, yanzu daga gefe guda ake miƙa hannu a jawo layin can.

Wata Alhamis bayan la'asar ayari ya iso, shinkafa ce, ƴan dako sun jera buhu 30 na kilo 50 bisa kowane palet yadda munka saba, ton ɗaya da rabi. Yaron da ke tuƙi ƙane ne gare ni a wajen aiki, hannunshi na da kyau ƙwarai, bai taɓa fasa mini ko kwali ba. Ya ɗauki palet ya ɗaga hawa na biyu ya fara miƙa cokula zuwa layin baya, ni ina tsaye da kaye ga hannu ina ƙirga. Sai na ga tayoyin baya sun saki ƙasa, a hankali, kamar raƙumi in zai tashi yadda gindi ke fara ɗagawa. Yaron ya saki bolan ya juya zai diro. Baba, tsohon direbanmu da ya yi shekaru yana wanga aiki a Abijan, ya daka mishi tsawa, "kar ka diro! zauna, riƙe bolan!" Allah ya sa ya ji. Cokulan sunka sauka bisa ƙarfen rak na gaba, shi ya tare, ƙarfen ya lanƙwashe kamar baka, buhu uku sunka faɗo sunka fashe, shinkafa ko'ina. Sai da anka rage buhu sun fi goma da hannu ɗaya bayan ɗaya kafin tayoyin sunka koma ƙasa. Baba ya ce mishi "ɗana, mai dirowa shi rufin mota ke dannewa, na ga haka da idona, duk ranar da ta karkata da kai ka maƙale ciki." Yaron jikinshi na ɓari ya dube ni ya ce "Yaya wallahi ton 2.5 ke rubuce jikinta, ni ɗaya da rabi na ɗauka." Kuma gaskiyarshi. Laifin nawa ne, ni na karɓi cokulan, ni na ce a fara aiki da su, ban tambayi komi ba. Daren nan ban yi barci ba, ina ta tuna uwarshi da ta damƙa mini shi amana daga gida.

Nan nike so mai karatu ya tsaya da ni, don duk sauran maganar bayan wagga take. Ɗauki bido mai litir 25 ka rungume ga ƙirji, za ka kai shi gida lafiya. Miƙa hannuwanka gaba da shi ka ga ko za ka ƙirga goma. Bidon bai ƙara nauyi ba, nisa ne ya ƙaru. Furshet ma haka take, tayoyin gaba su ne tsakiyar sikeli, kaya gefe guda, jikin mota ɗaya gefen. Ton 2.5 ɗin nan da ke rubuce, in ka duba farantin da ke nuna ƙarfin motar da kyau akwai wata lamba kusa da shi, 500 mm, wato sai in tsakiyar nauyin kayan na santi 50 daga gindin cokula. Daga gindin cokula zuwa tsakiyar tayar gaba kuma wajen santi 50 ne ga irin tamu, jimla metir 1. Kilo 2,500 sau metir 1, dubu biyu da ɗari biyar, jarin motar duka kenan, ba ta da wani. Palet mai 1.2 tsakiyarshi ga santi 60 take, nisa ya zama 1.1, in ka raba ka samu kilo 2,270 ko kusa. To yanzu miƙa cokula metir 1.3 don ka kai layin baya, nisa ya koma 2.4, raba 2,500 da 2.4, kilo 1,040 ne. Ba a cire nauyin su cokulan ba waɗanda sun fi na asali nauyi, ba a yi maganar tsayi ba, alhali duk hawan da kaya sunka ƙara abin da mota ke iya riƙewa raguwa yake. Mu kuwa 1,500 munka aza mata ban da katakon palet. Wanga lissafi na bisa gwiwa ne, don mutum ya gane inda hatsarin yake, lambar da za ka yi aiki da ita sai wadda kamfani ya buga.

Ƙa'ida ita ce duk abin da anka ƙara ma tabliye sai a sake faranti ya nuna sabon ƙarfin motar, a naɗe nawa, a miƙe nawa, ga kowane tsayi. Daga baya munka nemo takardar cokulan ta hannun dillali, na sa anka rubuta lambobin da fenti ja gaban direba inda ido ba ya iya kauce musu. Tunda ana maganar, akwai ralonj ɗin nan da ake zura ma cokula kamar safa, ana walda su ga garaj ko'ina cikin gari. Abin da anka yarda da shi kar ralonj ya wuce tsawon cokali sau ɗaya da rabi, na ga wanda ya kai sau biyu har ya wuce. Kuma cokali in ƙasa ta cinye kashi 10 cikin 100 na kaurinshi wajen diddige, ƙarfinshi ya ragu da wajen kashi 20, cire shi ake, ba a cike shi da walda. Direbobinmu na son jan cokula ƙasa suna tartsatsi, abin da ke cinye su kenan.

Bayan wata shida Alhaji ya sayo retrak ɗin, okaziyo daga Turai, mai kilo 1,600, ita ma da cokula masu miƙewa. Ranar farko ta nuna muna abin da bidiyon bai nuna ba. Tayoyinta ƙanana ne masu tauri kamar ƙashi, babu iska ciki, cikinta kuma ƴan santi kaɗan ne tsakaninshi da ƙasa. Dal ɗinmu kuwa, wato daɓen ƙasan mangaza, an zuba shi ne don a jibge buhu, duk tsaga da kwari da tudu, mai gazuwal da manyan tayoyinta ba ta ma san da su ba. Retrak ta shiga lungu da palet sama, sai ka ga kan tsani na lilo kamar giginya cikin iskar hadari. Dalilin mai sauƙi ne, tsakanin tayar hagu da ta dama wajen metir 1.2 ne, in guda ta faɗa kwarin santi 1 kacal, can sama ga metir 6 karkatar ta zama santi 5, ratar da ke tsakanin palet da palet kuma santi 10 ce ko ƙasa da haka. Dole munka fasa lungunan duka anka sake zubi da simar Malbaza, anka goge da inji, kuɗɗin sun kusa kai na motar kanta. Kuma ba lungu kaɗai ba, ƙarƙashin rak ma. Ƙarfen kwance mai metir 2.7 palet uku yake ɗauka, in kowane ton guda ne hawa uku ton 9 kenan, su sauka bisa ƙafa biyu, kowace ƙafa ton 4 da rabi bisa ɗan faranti da bai fi tafin hannu biyu ba. In dal ba ya da kauri nutsewa take, ba ka sani ba sai ranar da layi ya karkace. Wani abu kuma, retrak ba ta fita tsakar gida bisa jar ƙasa, ba ta hawa cikin kwantena, don haka mai gazuwal na nan daram, ita ke kawowa bakin ƙofa wannan ta karɓa. Wanda ya yi lissafin zai sayar da tsohuwar ya cika kuɗɗin sabuwa ya sake lissafi.

Palet ma ya ba mu wuya. Na Turai mai tambarin EPAL ƙone ga gindi, santi 80 da 120 ne, tun 1961 jiragen ƙasan Turai sunka daidaita awonshi, nauyinshi wajen kilo 25, yana ɗaukar 1,500. Shi yana shiga tsakanin ƙafafun retrak ɗinmu sumul. Amma abin da ke zo muna gauraye ne, ga mai 100 da 120, ga na Asiya mai 110 da 110, ga na Amurka mai inci 48 da 40, ga waɗanda munka sa kafintoci sunka buga muna a kasuwar Katako ba mu ba su awo ba, kowa da girmanshi. Mai faɗin 100 sai an ɗaga shi sama da ƙafafun kafin a jawo tsani, in direba ya manta ya murƙushe katakon. Zurfin rak santi 110 ne don palet mai 120 ya zarce da santi 5 gaba da baya, in ka kawo gajere bakinshi kaɗai ke taɓa ƙarfe, kuma can layin baya ba ka ganin yadda ya zauna. Ga gara. Palet ɗin da ya kwana biyu bisa ƙasa waje, ka gan shi lafiya lau cikinshi gari ne. Yanzu awo guda munka tsayar, munka kai ma kafinta palet guda na gaske munka ce irin wanga, duk wanda ya saɓa waje yake zama ba ya hawa rak.

Ƙura kam ba sai na faɗa ma ɗan Nijar ba. Lokacin hunturu in iskar nan ta taso daga Disamba zuwa Fabrairu, cokula masu zamewa cikin juna in ka lafta musu giris ƙura ta zauna bisa sai ya koma kamar sanfefa yana cin ƙarfe, har cokali guda ya riƙa riga ɗan uwanshi fita, palet ya shiga a karkace. Baba ya koya muna a hure da iska kowace safiya, a goge, giris kaɗan. Sandar silinda ma a goge ta kafin ta koma ciki da ƙura ta yanke roba, don robar nan ƴar ƙarama in ta mutu sai ka yi sati huɗu kana jiran a kawo daga waje, mota na zaune. Mu yanzu tiyo da roba na ajiye cikin akwati.

Batir ɗinta volt 48 ne, gida 24 kowane volt 2, caji wajen awa 8 yake so ba yankewa, kuma ba a bari ya sauka ƙasa da kashi 20. To cikin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce 40 ga inuwa, ƙarƙashin kwanon mangaza ba a magana, lokacin ne kuma kuran, wato wutar lantarki, ke yawan ɗaukewa da dare. Sau nawa munka zo da safe batir rabi, kamiyo na ƙofa. Gurup, injin ba da wuta, muke tayarwa. Zafi na cinye ruwan batir da sauri, ruwa tatacce ake ƙarawa bayan an gama caji, ba na pampo ba, kuma wurin cajin ya zama mai iska babu mai shan taba kusa don gas ɗin da ke fita na kamawa da wuta. Wani ya ba Alhaji shawara a sa na litiyom mara nauyi, na ce a tsaya, ga retrak batir shi ne dutsen gindin jigo, farantin ma ya faɗi ƙarancin nauyin da ya kamata ya yi, in ka sa mara nauyi ba ka cike gurbin ba ka koma maganar raƙumin nan.

Akwai kuma asarar da ba ta da ƙara, ita ta fi yi mini ciwo a matsayina na magazinye. Zurfi biyu ma'anarshi rabin kayanka na ɓoye bayan rabi, wanda ya shiga farko shi ke fita ƙarshe. In ana sauri direba na gaba yake ɗauka, sabon kaya ya zo a cike gurbin, na baya na nan yana tsufa. Haka munka tarar da palet biyu na madara saura wata guda su lalace, alhali mun yi ta sayar da wadda ta zo bayansu, sai da Alhaji ya karya kuɗɗi ƴan Babbar Kasuwa da Wadata sunka kwashe. Tun daga nan na kafa doka, gaba da baya dole kaya iri guda masu kwanan wata guda, kuma ba a cika gurbin gaba sai na baya ya fita, ko da an ga rami na kallon mutum. Wannan ya sa layi 12 ɗin nan na takarda ba ya cika taf, a gaskiya abin da muke amfana da shi ya fi kusa da 10 da rabi. Duk da haka ya fi 8 nesa, kuma mun tsira daga hayar mangaza na biyu. Makaroni da kwalayen da ba su da nauyi su ke zuwa baya da sama, shinkafa in dole ne sai ta je baya buhu 15 muke jerawa, in kuwa buhu 30 ne layin gaba ƙasa take zama. Mai kaya iri ɗari kowane palet ɗaya ko biyu, zurfi biyu ba nashi ba ne, ya tsaya ga retrak da layi ɗaya-ɗaya.

Ƴan dakonmu sun tsorata da sunka ga motar, babbansu ya same ni ya ce "shef, to mu fa?" Yawancinsu ƴan cirani ne daga wajenmu, Tawa da Illela da Keita, bayan girbi suke zuwa, na san gidajen wasunsu. Ba zan yi ƙarya in ce babu wanda ya rasa aiki ba, kwanakin aikinsu sun ragu. Amma yawancin kayanmu a zube suke zuwa cikin kwantena da kamiyo don palet na cin wuri, mai kaya ba ya son biyan kuɗɗin jigilar katako daga Lome, don haka har yanzu hannu ke saukewa ya jera bisa palet. Abin da ya tafi shi ne hawa katako da buhu mai kilo 50 bisa kai zuwa ƙololuwar tsibi, wanda ya lalata ma dattijai da yawa gwiwa da baya, ni ban yi kewar ganin wannan ba. Biyu cikin samarinsu Baba na koya musu tuƙi da yamma. Retrak a gicce ake zama cikinta, bolan ɗinta ɗan ƙarami, wanda ya ƙware ga mai gazuwal sai ya koma ɗan koyo, a Faransa ma takardar shaidar iya tuƙi da ake ce ma CACES daban ake ba su, aji na 3 na mai nauyin baya, aji na 5 na retrak. Baba ba ya barin yaro ya ɗaga palet mai kaya sai ya yi sati biyu yana shiga yana fita da wofi.

Shi ɗan uwan nawa na Tawa na ce mishi sima dai ya bar ta ƙasa yadda take, buhu 40 ton 2 ne, babu hannun da zai miƙa da wannan zuwa layin baya ga irin motocin da aljihunmu ke kaiwa, kuma sima ba ta son a manta da ita baya ta daskare. Fenti da wayar kuran da kayan pampo su za su iya hawa rak. Na ce kafin ya kira dillali ko guda ya samo tiyon ruwa irin na magina ya bi dal ɗinshi metir-metir ya rubuta inda ya faɗa da inda ya tashi, ya auna tsayi daga ƙasa zuwa ƙarfen rufi, ya kuma duba ko kuran ɗin da ke shiga mangazan mai waya uku ne. Ya ce Asabar in Allah ya kai mu zai turo mini lambobin.